Shekarar da Aka Cire Mini Tsakuwa

Ku 'ya'yana, na daɗe ina jin abin da kuke faɗa a tsakaninku game da kakarku Adda, wadda ta haife ni: wai ba ta ja ni a jiki ba, ba ku taɓa ganin ta zauna ta yi hira da ni ba, ba ku taɓa jin ta kama sunana ba. Gaskiya ne, ba ku gani ba, ba ku ji ba. Har ke Zulai, da kike aiki a ɗakin tiyatar yara kike ganin kin fi kowa sanin uwa da ɗa, kin taɓa ce mini da a hannunki aka kawo irinta da sai kin yi mata faɗa. Na yi dariya a ranar, amma maganar ta tsaya mini a rai. A birni kuka tashi, ba laifinku ba ne. Yanzu da idona ya fara gajiya, gara in rubuta muku shekarar nan guda ɗaya tun ina iya riƙe alƙalami, don kada in tafi in bar ku da ƙarya a kan matar da ba ta nan balle ta kare kanta. Ko tana nan ma ba za ta kare ba, na san halinta.

A Tabanni aka haife ni, zamanin Turawa, kuma ni ne ɗan fari. A wancan lokaci ɗan fari ba na uwarsa ba ne a idon jama'a. Mace mai tarbiyya ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san da shi. In ta yi, a ce ba ta da kunya, zagin ya wuce ta ya tafi har gidan ubanta. Adda kuwa Bafulatana ce daga wata ruga a bakin dajinmu, nata ya ninka na kowa. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Iya, uwar mahaifina, a ɗakinta na buɗe ido na san duniya. Iya mace ce mai baki, ga murya kamar ta mai shela. Maigida take ce mini, kullum tana mitar ban kawo cefane ba, ban yi mata zanen salla ba, ni kuma ina ce mata ta tsufa na sake ta. Ita kuwa wadda ta haife ni, Adda nake ce mata don na ji ƙannen babana suna faɗa. In tana son ta gaya mini abu, sai ta dubi garu ko turmi ta ce, a gaya wa wancan ya tashi daga rana. Ƙanwata Ladi kuwa sai ta ɗora ta a cinya, ta yi mata waƙa da Fillanci, ta hura mata ciki har ta ƙyalƙyale. Ina tsaye a bakin ɗakin Iya ina kallo. Ba na ce na ji haushi ba, don haka na ga ana yi a kowane gida, amma ina kallo.

Ban kai fara azumi ba ciwon ya same ni. In na tsuguna yin fitsari sai ya zo ɗis-ɗis ya tsaya, in riƙe marata ina ihu ina birgima, wani lokaci har da jini. An yi abin da aka sani. Na sha rubutu, na sha jiƙo iri-iri, wanzami ya yi mini tsaga a mara, mahaifin Adda ya aiko da saiwa daga cikin daji mai ɗacin da har yau in na tuna sai bakina ya tara yawu. Damina guda muka kwashe a haka, na rame sai kai da idanu. Duk sanda na fara ihu Iya ce ke rungume ni. Adda sai ta ɗauki taɓarya ta hau daka, ko da babu komai a turmin sai dusa. A lokacin na ɗauka kukana ne ba ta son ji.

Wan babana, Baffa Idi, shi ya kawo maganar asibiti. Ya yi aikin hanya da Turawa, ya taɓa ganin ɗan wani lebura da irin ciwona, aka kai shi Kaduna aka buɗe cikinsa aka ciro tsakuwa, yaron ya tashi yana gudu. Babana bai ce komai ba, don shi ma kunyata yake ji, maganar ɗan fari ta yayansa ce. Iya ce ta tayar da ƙura.

"Idi, kana da hankali kuwa? A feɗe mini miji kamar akuyar layya?"

"Iya, in aka bar shi haka ba zai ga wata daminar ba. Ki dube shi."

Iya ta dube ni. Ta daɗe tana dubana, sannan ta share hanci da gefen zane.

"To. Amma ƙafata ƙafarsa. Duk wanda zai sa masa wuƙa sai ya sa a gabana."

Da aka yanke gero muka kama hanya. Aka ɗora ni a jaki, Baffa yana ja, Iya tana biye da sandarta. Adda ta ɗauko kayan girki da tsaba a ka, a kan cewa za ta raka mu Birnin Gwari inda ake samun mota, ta juyo washegari. Ladi ma a hannun gwaggo ta bar ta ba ko sallama. Dajin nan na lokacin ba irin wanda kuka sani a labarai ba ne. Itatuwan doka da maɗaci sun haɗe kai, rana sai ta leƙo ta tsakanin ganye, birai suna tsalle a sama, ƙudan tsando yana cizon jakin yana harbi, duk harbin kuwa a marata yake ƙarewa. Rafuka ba su gama janyewa ba. A wajen haye ɗaya Iya ta zame a kan dutse, ta tashi tana zagin dutsen da uwarsa, ta ce ba komai. Kafin mu isa gari gwiwarta ta kumbura ta yi kamar ƙwarya. Muka sauka gidan wani abokin Baffa. Ranar da babbar motar ta zo, an kama Iya ta nan an kama ta can, ta kasa ko miƙewa. A nan na fara ganin Iya tana kuka. Ta kira Adda da ainihin sunanta.

"Dije, ke za ki bi shi."

"Ni, Iya?"

"To wa? Jakin? Ba cewa na yi ki goya shi ba. Girki za ki yi musu, ki wanke masa kaya. Ina samun ƙafa zan taho."

Adda ta sunkuyar da kai ta hau mota. Ni kuwa na yi ta ihu ina kiran Iya har muryata ta dushe.

Asibitin da muka je dogayen ɗakuna ne masu rufin kwano, da wani wari da ke shiga har maƙogwaro. A gabansa akwai mangwarori, a ƙarƙashinsu masu jinya suke zube da tabarmi da murhunan duwatsu. Likitan yara wani Bature ne dogo, mai sanƙo ja kamar an shafa masa manja. Abin da zan gaya muku game da shi daga baya na fahimce shi, da na girma. Kafin zuwansa, dokar wurin ita ce a karɓi yaro a bar uwarsa a waje, sai dai ta leƙo ta taga. Shi kuma ya lura ana yi wa yara aiki lafiya, ɗinki ya yi kyau, amma yaro ya ƙi ci ya ƙi sha ya yi ta lalacewa har ya tafi. Sai ya sa aka shimfiɗa tabarma a gefen kowane gado, ya ce uwa ta zauna da ɗanta dare da rana, ita za ta ba shi abinci, ita za ta juya shi. Yana bi yana auna yaran a sikeli, yana duba abin da suka sha da abin da suka fitar, yana gwada yadda ake tashi yanzu da yadda ake tashi a da. Sharaɗinsa ɗaya ne: uwa kaɗai. Don in ya sake ƙofa, ku kun san mu, dangi kaf za su tare a ɗakin har da awakinsu.

Ya danna marata, ya sa wani ƙarfe mai sanyi ya taɓo abin har na ji ƙwas a cikina, ya gyaɗa kai. Sannan ya dubi Adda da ke tsugune a bakin ƙofa, ya yi magana. Mai fassara wani nas ne namiji, mutumin kudu, mai kirki ƙwarai, amma Hausarsa ta kasuwa ce. Kalma ya sani, mutane bai gama sani ba.

"Likita ya ce, ke ne uwan yaro?"

Adda ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ga wan mijinta a tsaye, ga maza baƙi. Nas ya sake tambaya. Sannan ta ce, da wata 'yar murya:

"A'a. Ba nawa ba ne. Ɗan Iya ne."

Nas ya dubi Baffa. Baffa ya ce haka ne, uwar da ta raine ni tana Birnin Gwari, ƙafa ta hana ta. Ba ƙarya suka yi niyya ba, su biyun. Da a Tabanni aka yi wannan tambayar aka ba da wannan amsar, kowa zai gane, har a yaba mata. Nas ya juya wa likita abin da ya ji daidai yadda ya ji shi, likita ya ɗaga kafaɗa, aka nuna wa Adda gindin mangwaro. Ni kuwa ina kwance a kan teburin na ji da kunnena. Na sha ganin ta kau da kai, amma ban taɓa jin ta faɗa da baki ba sai ranar.

Aikin kansa ba ni da abin faɗa a kai. An ɗora mini wani ƙyalle mai wari a hanci, aka ce in kira sunayen awakinmu, ban wuce ta biyu ba. Na farka da amai, da wata roba da ta fito daga marata ta zarce cikin kwalba a ƙarƙashin gado. Nas ya nuna mini tsakuwar a cikin tasa, ta kai ƙwan kurciya, ga ta da kaushi. Ya ce aiki ya yi kyau, saura nawa: in sha ruwa, in sha kunu, in yi ta sha, don ruwan ne zai wanke ciki ya hana zazzaɓi. Na juya na dubi ɗakin. Kowane gado da mace a gefensa, wata tana fifita, wata tana ba da koko a ludayi, wata tana yi wa nata faɗa. Gado biyu ne kawai tabarmarsu ke naɗe a jingine da bango, nawa da na wata yarinya a can ƙurya da aka yi wa aiki a ƙafa.

Na ƙi sha. Nas ya lallashe ni, ya yi mini barazana, ya kawo mini alewa. Matar da ke kusa da ni, wadda ɗanta ya faɗa wuta, ta ɗago kaina ta ce sha ɗana, na datse haƙora. Safe da yamma ana shigo da kunun tsamiya a 'yar ƙwarya, a ce daga matar da ta rako ni. Na san ƙwaryar, na san ƙanshin kunun, na Adda ne. Sai in juya fuskata bango. Kada ku ce taurin kai ne kawai, ko da yake ina da shi, kuma na ga wasunku sun gada. Yaro ne aka yanka a garin da bai san kowa ba, wadda ta san yadda ake ba shi abu a baki tana bayan daji, wadda ke kusa kuma ta ce ba nata ba ne. Zuciyata ce ta rufe, maƙogwaro ya bi ta. Zazzaɓi ya shigo, leɓɓana suka tsattsage, abin da ke sauka a kwalbar ya koma kaɗan, ja kamar ruwan goro. Na fara ganin Iya a jikin bango tana daka.

Abin da ya faru a waje Baffa ne ya ba ni labari, ya kuma maimaita mini shi sau da yawa har ya tsufa. Da hantsi likita ya fito da kansa har gindin mangwaro, abin da ba ya yi, nas yana biye. Mutane suka taru, maza da mata. Ya sa aka kira mai yaron Tabanni.

"Likita ya ce, yanka ya yi kyau, amma yaro yana tafiya. Ya ce a ɗakin nan yaro da ba shi da uwa kusa, shi ne yake ba shi tsoro. Ya ce a kawo uwansa."

Baffa ya ce to, zai nemi mota ya koma Birnin Gwari, ko a kan kai ne zai ɗauko tsohuwar. Da gaske yake, don a ransa babu mai iya sa ni in sha sai Iya. Likita ya tambayi nisan wurin da yadda mota ke zuwa. Da aka gaya masa sai ya girgiza kai.

"Ya ce yaro ba zai jira ba."

Baffa ya ce can sai ya ji motsi a bayansa. Adda ce ta miƙe daga bakin murhu, da muciya a hannu ta manta ba ta ajiye ba. Matar da tun da aka kawo ta gidanmu bai taɓa jin muryarta sosai ba, wadda in ta hango shi take ratsewa ta bar hanya. Ta tako har tsakiyar maza, mayafinta ya zame ba ta gyara ba.

"Ni na haife shi."

Nas ya buɗe baki. "Ke? Ba ke ne kin ce ba naki ba?"

"Haka ake cewa. Ɗan fari ne. Ni na haife shi, ni na ba shi nono. A bar ni in shiga."

Aka daɗe ana yi wa likita bayani, wani tsoho yana taya nas. Baffa ya ce ya ga sanƙon nan ya ƙara ja. Likita bai yi faɗa ba. Ya tsaya yana kallon matan da ke zaune a ƙarƙashin itatuwa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa nas ya tambaya da ƙarfi ko akwai wata a nan da ɗanta na fari ke ciki. Ba wadda ta amsa. Adda ta wuce ta nufi ƙofa. Ta kusa shiga sai wata yarinyar mace ta tashi daga can gefe, kanta a ƙasa, ta bi bayanta da sauri. Uwar mai ciwon ƙafa ce. Tun daga ranar, in aka kawo yaro, kafin a tambayi wace ce uwarsa sai an fara tambaya ko na fari ne.

Ni dai na ji an warware tabarma a gefena. Na ɗauka matar mai ɗan wuta ce, ban juyo ba. Sai na ji hannu a goshina, mai kaushi, an ɗora an ɗauke an sake ɗorawa kamar mai taɓa tukunya a wuta. Ba ta san yadda ake taɓa ni ba.

"Auwalu."

Sunan ya fito mata a karkace, kamar sunan baƙo. Na juyo. Ban taɓa ganin fuskarta kusa haka ba. Ashe tana da wani ɗan tabo a gira, ashe idanunta irin nawa ne. Duk ta faɗa, don tun da aka shiga da ni ita ma ba abin da ta sa a ciki. Da ƙyar na haɗa maganar, harshena ya bushe.

"Kin ce ba naki ba ne."

"Na faɗa. Bakina ne ya faɗa."

"Iya nake so."

"Na sani. Iya tana zuwa. Kafin ta zo, ka yi haƙuri da ni."

Ta zauna a bakin gadon, ta tallabo kaina ta ɗora a cinyarta, a gaban matan ɗakin duka. Ta ɗebo kunu a ludayi ta hura, ta kawo bakina. Na datse haƙora don in ga abin da za ta yi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta roƙe ni ba. Sai ta fara waƙar nan ta Fillanci da take yi wa Ladi, a hankali, ta sa sunana a inda take sa na Ladi. Hawayenta yana ɗiga a kunnena. Ban san sanda na buɗe baki ba.

Ba a rana ɗaya na tashi ba. Na sha na amayar, ta goge ta sake ba ni. Ta koyi duba kwalbar fiye da kowa, in ruwan ya ƙaru ya yi haske sai ta ɗaga ta nuna wa nas tana murmushi kamar ta samu kyauta. Zazzaɓin ya sauka, aka cire robar, ranar da na yi fitsari da kaina ba ihu ta tafa hannu har ta ji kunya. Likita in ya zo awo sai ya ɗaga mata babban yatsa, ita kuma ta rufe fuska. Ina gaya muku tsakani da Allah, a duk rayuwata, har da aurena da uwarku da zuwana Makka, ban yi kwanakin da suka fi waɗannan daɗi ba, ga ni da ɗinki a ciki. Ta ba ni labarin ranar da aka haife ni, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ta ce ranar da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Iya, bayan rumbu ta je ta cusa zane a baki. Ta ce dakan da take yi in ina ihu, don kada a ji nata ne. Ta san duk inda na taɓa faɗuwa, ta san ba na son kuɓewa. Ashe duk shekarun nan da take kallon garu, ni take gani.

Labari ya riga mu isa gida, don akwai wata mutuniyar Damari, garin da ke maƙwabtaka da namu, a gindin mangwaron nan, kuma Allah ya hore mata baki. Muka sami Iya a Birnin Gwari, ƙafa ta yi sauƙi tana ɗingishi. Ta rungume ni, ta buɗe rigata ta duba ɗinkin, ta ce an ɓata mata miji. Sannan ta dubi Adda, wadda ta durƙusa can nesa tana jiran hukunci.

"An ce kin yi shela a gaban Idi."

"Na yi, Iya."

"Da kin yi shiru na dawo na tarar da kabari, da ni da ke har abada. Tashi ki ba ni ruwa."

Iya ta yafe, amma gari bai yafe ba. Har ta tsufa, in ta doshi rijiya sai wata ta ce ga Ni-na-haife-shi nan tafe, a kwashe da dariya. A gidan biki an sa ta a waƙa. Mahaifinta ya yi shekara bai tako gidanmu ba, ya ce ta zubar musu da mutunci a gaban Nasara. Ladi kuma, da aka bari ba sallama, ta daɗe tana gudunta. Duk wannan ta san zai zo tun sanda ta miƙe da muciya a hannu, kuma ban taɓa jin ta ce uffan a kai ba.

Amma wannan duk daga baya ne. Ranar da muka baro Birnin Gwari, Iya aka ɗora a jakin, Baffa yana gaba, ni kuma na ce da ƙafata zan tafi. Hannuna yana cikin na Adda tun daga bakin gari, muka ratsa dajin nan muna hira, tana nuna mini itatuwa tana gaya mini sunansu da Fillanci. Da la'asar muka fito daga cikin itatuwa, gonakin Tabanni suka bayyana, ga hayaƙi yana tashi, ana jin daka. Sai na ji yatsunta suna saki ɗaya bayan ɗaya. Ta zare hannunta, ta ja mayafi, ta gyara kayan da ke kanta, ta koma gefen hanya. Na bi ta na kama zanenta. Ba ta dube ni ba. Na ce Adda, ta ci gaba da tafiya. Na gane an dawo gida. Kuka ya zo mini, na tsaya a tsakiyar hanya na ƙi gaba na ƙi baya, har Baffa ya tsayar da jakin.

"Adda, in tsakuwar ta dawo, aka sake yanka ni, za ki sake zama wajena?"

Ta tsaya cak, bayanta gare ni. Na ga kayan da ke kanta suna rawa. Da ta yi magana, jakin ta duba.

"Iya, ki gaya wa maigidanki kada ya ƙara yi mini wannan fatan. Ki ce masa ko babu tsakuwa ina nan."

Iya ta fyace hanci, ta daɗe tana gyara zamanta a kan jakin.

"Ya ji," ta ce. "Ba a kunne aka yanka shi ba."

Adda ta wuce gaba da kayanta, ta riga mu shiga gari. Daga ranar har ta koma ga Allah ba ta sake kiran sunana ba, ni kuma ban sake bukatar ta kira ba.